Tiyata: Tambayoyi da amsoshi kan shirin shiga da jinyar bayan fitowa

An sa mini ranar aiki. Da me zan fara?

Da gwaje-gwaje. Ko asibitin Barau Dikko ne a Kaduna, ko na sojoji na 44, ko Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko na Shika a Zariya aka tura ka, za a duba yawan jininka da rukuninsa, sukari, ƙoda da sikila. Mai shekaru ko mai hawan jini akan ƙara masa da gwajin zuciya. In aikin babba ne, 'yan'uwa su je su ba da jini tun da sauran kwanaki. Takardar amincewa kuwa, kada ka sa hannu sai an yi maka bayanin abin da za a yi da abin da ka iya biyo baya.

Me ya sa ake hana mutum ci da sha?

Allurar barci tana kashe tari da haɗiya, waɗanda su ne masu gadin maƙogwaro. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya faɗa huhu tare da ruwan ciki mai tsami, ya ƙona shi. Shi ya sa ake barin abinci mara nauyi awa 6 kafin aiki, mai maiƙo kamar tsire ko soyayyen nama awa 8, ruwa zalla kuma awa 2, sai dai in likitanka ya ce wani abu daban. Inda aka fi tuntuɓe shi ne koko, kunu, fura da shayi mai madara. Mai jinya sai ta ce "ai ruwa-ruwa ne, Baba, ɗan kurɓa." Abinci ne. In ka riga ka sha, faɗi gaskiya. Ɗage aiki ya fi sauƙi a kan ciwon huhu.

Magungunan da nake sha fa?

Zuba su duka a leda ka kai wa likitan barci, har da jiƙo da sassaƙe da ake jin kunyar ambata. Na gargajiya akan so a bar su mako 2 kafin aiki, don wasu na tsinka jini, wasu na karo da allurar barci. Asfirin da wafarin masu tsinka jini, da maganin sukari, likita ne zai faɗi ranar tsayarwa. Kada ka yanke da kanka. Mai shan sigari ko shisha ya daina aƙalla mako 4 kafin ranar. Mata su goge jan farce, domin a yatsa ake maƙala na'urar auna iskar jini. Kada kuma a aske wurin da za a yi aikin da reza a gida: ƙananan yankan da ido ba ya gani ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Bayan an fito, ba kwanciya ce hutu ba?

A'a. Da zarar nas ta ba da izini, sau da yawa ranar ko washegari, a zauna, a miƙe, a taka zuwa bakin ƙofa. Doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma ya iya tafiya huhu. Ja dogon numfashi sau 10 kowace awa. In tari ya zo, musamman da ƙurar hunturun Kaduna, danna matashi a kan ɗinkin sannan ka yi. Wanda aka yi wa aikin hanji, tambayar "ka yi tusa?" ba wasa ba ce, ita ke nuna hanji ya farka.

Gaskiya ne ƙwai da kifi na kawo mugunya?

Ba gaskiya ba ne. Ƙwai, kifi, wake da nama su ke gina sabuwar tsoka. Ƙwayoyin cuta ke kawo mugunya: hannu mara wanki, toka, man shanu ko garin magani a kan ciwo. Wadda aka yi wa aikin haihuwa kada a watsa mata tafasasshen ruwan wankan jego a kan ɗinki. Zare akan cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 14, wani kuma da kansa yake narkewa. Bayan aikin ciki ko na gwaiwa, ba ɗaukar jarka ko bokitin ruwa har mako 4 zuwa 6. Salla a yi ta a zaune in ruku'u na jan ɗinkin.

Yaushe zan koma asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba?

In zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ciwon ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa mai wari, ko jini ya jiƙa bandeji, ko ɗinki ya buɗe. Haka amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ciki, ko kasa fitsari. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, wannan ko tsakar dare ne a nemi mota.