Fedar MIDI: yadda ƙafa ke ba miksa umarni

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kayan sauti a bikin Nima ko Mamobi da ke Accra ya san wannan lokacin. Mawaƙi ya sauke baiti, sanƙira ya karɓi makirfo zai kira sunayen masu liƙi, amma ekon da aka sa wa waƙa yana nan a kunne. Sunan Hajiya ya fito sau uku a jere, ba wanda ya ji na farko balle na ƙarshe. Mai kula da miksa kuwa, wato na'urar da ke haɗa muryoyi da kiɗa kafin su kai lasifika, shi ne mai kaɗa fiyano, hannayensa biyu suna kan aiki. Irin wannan lokacin ne ya sa ake yawan jin masu sauti suna ambaton fedar MIDI.

Fedar dai ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa, da madannai a kansa waɗanda ake takawa, kamar yadda tela ke taka keken ɗinki hannayensa na riƙe da yadi. Akwai mai madanni biyu, akwai babba irin FCB1010 ta kamfanin Behringer mai madannai goma da feda biyu masu lilo. MIDI kuma haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci huɗu, kuma abin da suke nufi shi ne harshen da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan su ne kan gaba wajen samar da shi. A watan Janairun 1983 aka haɗa fiyanon lantarki biyu, Prophet-600 na Sequential da Jupiter-6 na Roland, a bainar jama'a a wani baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Harshen nan ne har yau fedarka ke yi da miksa.

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa tambayata: "Maigida, in aka bi da murya ta cikin fedar nan, ba za ta rage ƙarfi ba?" Tambayar ta yi mini daɗi, domin a nan ne yawancin mutane ke ruɗewa. Ko ɗigon sauti ba ya bi ta wayar MIDI. Murya na nan a hanyarta, daga makirfo zuwa miksa zuwa lasifika. Abin da feda ke aikawa ɗan saƙo ne na lambobi: ga tashar da nake magana da ita, ga irin umarnin, ga adadinsa. Tashoshin goma sha shida ne, kamar gidan haya mai ɗakuna goma sha shida. In ka kira ɗaki na biyu, na uku ba zai amsa ba ko da yana jin ka. Lambobin kuma daga 0 suke zuwa 127. Shi ya sa tsohuwar miksa mai maɓallan murɗawa zalla ba ta da abin yi da wannan feda. Sai ta dijital, mai kwamfuta a ciki da za ta karanta saƙon.

Umarni iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su, a jikin na'ura ana rubuta su PC da CC. Na farko yana kiran saiti gaba ɗaya: ka adana yadda kake so komai ya kasance lokacin waƙa a lamba ɗaya, na lokacin jawabi a lamba biyu, taku ɗaya ya juya miksa duka. Na biyu yana taɓa abu guda, ya rufe makirfo ɗaya ko ya ɗaga layi ɗaya. A miksar XR18 ta Behringer, misali, ɗagawa da saukewa suna tasha ta ɗaya, rufewa da buɗewa suna ta biyu. Kowane kamfani da nasa tsarin, don haka jadawalin MIDI da ke cikin littafin miksarka shi ne alƙali.

Ni dai CC nake ba sabon shiga shawara. Kiran saiti gaba ɗaya abu ne mai daɗi, amma yana iya mayar da ƙarfin makirfo yadda yake ranar da ka adana shi a ɗaki shiru, ga ka yanzu a filin maulidi lasifika na fuskantar malam. Ƙarar da za ta tashi sai ta sa dattawa toshe kunne. In dole sai ka yi, to ka kulle layukan da ba ka so saitin ya taɓa.

In ka taka ba abin da ya motsa, kada ka yi saurin cewa an sayar maka da jabu. Duba waya tukuna: daga ramin OUT na feda take fita, ta shiga ramin IN na miksa, mai kan nan zagaye da ƙusoshi biyar, kuma kada ta wuce mita 15. Sannan ka shiga saitin miksa ka buɗe mata karɓar MIDI, ka tabbatar tashar ta zo ɗaya. In ka kira saiti na biyar na huɗu ya fito, ba aljanu ba ne, wasu na'urori daga 0 suke fara ƙirga, wasu daga 1. Feda mai USB kaɗai kuma ba ta magana da miksa mai USB kai tsaye, sai an sa kwamfuta ko ƙaramin akwatin haɗi a tsakani.

Saura abu ɗaya da mu 'yan Gana ya fi shafa. Madanni yana iya zama mai aiki muddin ƙafa na kansa, ko kuma mai taku ɗaya ya kunna, na biyu ya kashe. Wannan na biyun yana riƙe lissafinsa ne a kansa, kuma yawancin fedoji aikawa kawai suke yi, miksa ba ta ba su labari. Ranar da dumsor, wato matsalar nan ta yawan yankewar lantarki, ya ɗauke wuta ana tsakiyar walima aka tada janareta, sai feda ta farka tana zaton eko a kashe yake alhali a kunne yake. Abin da nake yi shi ne ware madanni biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na kashewa, in manna farin salatif a gaban kowanne in rubuta da maka baƙa: WAƘA, MAGANA. Da wuta ta dawo, kafin sanƙira ya kai makirfo baki, na riga na taka MAGANA.