Waiwaye: Waƙar "Awaara Hoon" daga Faifan Garmaho zuwa Wayar Salula

A wani shagon gyaran rediyo da ke Tudun Wadar Zariya akwai wani dattijo da har yanzu yake ajiye da tsohon faifan garmaho guda ɗaya, naɗe cikin ƙyalle a ƙasan akwatinsa. Gefensa ya ɗan gutsire, garmahon da zai juya shi kuwa ya daɗe da mutuwa, amma idan ya fito da shi sai ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce wannan waƙar Raj Kapoor ce. Abin da yawancin masu kallonmu suka ɗauka ke nan, alhali muryar da ke cikin faifan ta wani mutum ce daban.

Waƙar ita ce taken fim ɗin Awaara, wanda ya fito a Indiya a 1951. Raj Kapoor ne ya shirya shi, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumi tare da Nargis, yayin da mahaifinsa na ainihi, Prithviraj Kapoor, ya fito a matsayin alƙalin da ya kori matarsa tana ɗauke da juna biyu. Kalmar "awaara" tana nufin gantalalle, mutumin da ba shi da matsuguni, kuma ba ta da alaƙa da awarar waken soya. Shailendra ne ya rubuta baitocin, mutumin da ya yi aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Bambai kafin ya shiga harkar fim, kuma duk wanda ya san rayuwar leburorin reluwe a Sabon Gari zai gane inda ya samo wannan harshe na talaka mai dariya alhali cikinsa na ƙuna. Shankar da Jaikishan suka tsara kiɗan, Mukesh ya rera, Raj Kapoor kuwa motsa baki kawai ya yi a gaban kyamara, irin mamin da 'yan fim ɗinmu na Hausa suke yi a yau.

Asalin ɗaukar ta fito ne a faifan kamfanin waƙoƙi na HMV, mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda kowane gefensa ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗoriya. Wannan ƙarancin lokaci shi ya sa waƙar ta zo a dunƙule, amshinta na dawowa da sauri, har wanda bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba yake iya kama shi tun a jin farko. Da fim ɗin ya isa Tarayyar Sobiyat a 1954, sannan ƙasar Sin a 1955, sai waƙar ta zama abin rerawa a tituna. A Turkiyya ma an sake yin fim ɗin da harshensu a 1964, Sadri Alışık ne jarumi. Mu kuma finafinan Indiya sun iso mana ta hannun 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima, daga nan waƙoƙinsu suka shiga rediyo da bakin yara.

Zamanin kaset ne ya jagula lamarin. Daga shekarun 1980 kamfanoni a Indiya, musamman T-Series, suka riƙa ɗauko sababbin mawaƙa masu kwaikwayon murya su sake rera tsofaffin waƙoƙi a sayar da araha. Daga baya aka shigo da salon da ake kira jhankar, inda ake ɗora bugun ganga na inji da amsa-kuwwa a kan tsohuwar ɗauka domin ta yi ƙara a motocin haya. A ganina wannan ya cuci waƙoƙin Mukesh fiye da na kowa, domin ƙarfinsa yana cikin sanyin murya da ɗan amon hancin da ke fita a ƙarshen baiti, kuma su ne abin da ƙarar injin ke fara binnewa.

Mukesh ya rasu a Detroit ta Amurka ranar 27 ga Agusta, 1976, yana tsakiyar rangadin waƙa, kuma an ruwaito cewa da labarin ya iske Raj Kapoor sai ya ce ya rasa muryarsa. Shailendra ya riga su tun 1966, Raj Kapoor kuma ya bi a 1988. Tsofaffin ɗaukar HMV yanzu suna hannun kamfanin Saregama, wanda ya gaji HMV a Indiya, kuma ta nan ne asalin ɗaukar 1951 ta hau intanet.

Ranar da wani matashi ya kunna wa dattijon nan waƙar a waya, ta farko da ya samo mai jhankar ce, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ba ita ba ce." Da aka lalubo ta asalin, ya ajiye sukundireban da ke hannunsa, bai sake taɓa aiki ba sai da ta ƙare, sannan ya nemi a maimaita masa sunan mawaƙin domin ya rubuta a jikin ƙyallen faifan.