Birkin bayan tsohuwar mota: a sa diski ko a gyara dram ɗin?

A garejinmu da ke nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, da wuya mako ya wuce wani mai Golf ko tsohuwar Peugeot bai zo da maganar nan ba: "Maigida, birkin baya ya gaji, a cire mini dram a sa diski." Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan haka, ga kuma amsar da nake bayarwa.

Maigida, ashe diski bai fi dram kama mota ba?

Akwai inda ya fi shi. Diski a buɗe yake, iska na bugunsa, don haka yana saurin hucewa, kuma in an shiga ruwa da damina nan da nan yake bushewa. Dram kuwa kasko ne rufaffe, zafi na taruwa a ciki. In ya yi zafi sosai sai ƙarfen ya buɗe, shu, wato fatar birkin da ke goga cikin kaskon, ya yi nisa da shi, ka ji birki yana nutsewa ƙasa.

Amma ka lura, duk lokacin da ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa. Ƙafafun gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin, wani lokaci ma fiye. Na baya tallafi ne. Sannan abin da ke tsayar da mota a ƙarshe shi ne yadda taya ta riƙe kwalta. In dram ɗinka na iya kulle tayar baya, to ƙarfinsa ya isa, diski ba zai rage maka tazarar tsayawa ba. Ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi babu gangaren da zai dafa maka birki irin na Hawan Kibo a hanyar Jos.

To me ya sa nawa ba ya ci?

Nan ne maganar take. Mafi yawan motocin da ake kawo mana ba dram ne ya gaza ba, kulawa ce babu. In muka buɗe, abu huɗu muke yawan gani: shu ya cinye, silindar taya, mai tura shu ya kama dram, tana yoyo ta jiƙa shu da mai, ajasta, mai matso da shu kusa da dram, ta cije saboda ƙura da tsatsa, ko dram ɗin kansa ya faɗaɗa. A jikin dram akwai lambar da kamfani ya buga, ita ce iyakar faɗinsa. In an share shi a inji har ya wuce wannan lamba, ya tashi aiki, ko sabon shu aka sa ba zai kwanta daidai ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne toshe fayif. Kwanaki wani direban haya ya kawo Golf yana ƙorafin motar na fizgewa gefe. Da muka duba, ashe wani ya danne fayif ɗin ƙafar baya ɗaya da guduma don silinda na zubar da mai. Watanni yana ɗaukar fasinja da ƙafa uku. Kuɗin silindar bai kai na shan mai sau ɗaya ba. Don Allah, 'yan'uwana kanikawa, mu bar wannan, rayuka ne a cikin motar.

Wane gyara zan yi wa dram ya dawo kamar sabo?

A canza shu na ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, kada a yi ɗaya a bar ɗaya. A sayi mai kyau, a guji wanda aka sake liƙa wa fata a bakin kasuwa, don zafi na iya ɓantare ta. A canza silinda biyu da sifirin, a wanke ajasta ta riƙa juyawa, a duba wayar hambirki da boris. Shu ɗin da ya sha mai ba a wanke shi da fetur a mayar, jefarwa ake yi. Yaran gareji kuma su daina hure ƙurar ciki da baki ko da iskar kwamfuresa, domin wasu shu ɗin na ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Sai man birki, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Yana zuƙar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Da zarar ya tafasa sai ka taka ka ji wayam. A zubar da shi gaba ɗaya duk shekara 2, a fitar da iska a ƙafa huɗu. Masu zuba ruwan omo a madadinsa, Allah ya shirye su, robobi da fayif suke kashewa.

Alhaji ya ce lallai shi diski yake so. Yana yiwuwa?

Yana yiwuwa, musamman a motar da kamfani ya fitar da wani samfurinta da diski a baya. Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, misali ce: masu ƙaramin inji dram ne a baya, GTI da VR6 kuwa diski. Haka Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 da diski a ƙafa huɗu, amma doguwar da fikof dram gare su, saboda kaya aka yi su.

Sharaɗina ɗaya: a kawo kayan cikakke daga mota iri ɗaya. Ƙarfen da boris ke zama a kai, maƙalin kalifa (ita ce ke matse diski), kalifa biyu, diski, fayif na roba, wayar hambirki, har da bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In za a je Ƙofar Ruwa a Kano neman na Beljiyam, a tafi da bakanike, ya gwada hannun hambirkin kowace kalifa, don shi ne ke fara cijewa. A tabbata kuma ramukan noti sun yi daidai da rim, tunda akwai mai huɗu akwai mai biyar. Walda a maƙalin kalifa kuwa, ni ba na yi, ko nawa za a biya.

Mene ne hatsarin in ba a yi daidai ba?

In baya ya fi ƙarfin da ya kamata, tayoyin baya za su riga na gaba kullewa, motar ta juya da kai, balle a kan yashi ko bayan ruwan farko. Yawancin tsofaffin motocin nan ba su da ABS, na'urar hana taya kullewa, da zai cece ka. A Golf bawul ɗin yana maƙale kusa da gatarin baya, yana auna nauyi da yadda mota ta zauna. Shi ya sa direbobin da ke ɗaga bayan mota don lodi suke ruɗa shi: yana ɗauka motar ba kaya, sai ya rage wa baya ƙarfi alhali buhuna ne cike. Duk wanda ya ɗaga mota, a sake saita masa bawul.

Hambirki fa?

Na dram ya fi riƙo, domin juyawar kaskon kanta na ƙara jawo shu ya manne. Mai ajiye mota da kaya zai ji bambanci.

Kuɗina kaɗan ne, ina zan fara?

Fara da tayoyi masu rai, sai fad na gaba, sai man birki, sannan shu da silinda na baya. Bayan an gama, a fita hanyar da ba mutane, a taka a hankali sau da yawa shu ya kwanta, sannan a gwada da ƙarfi a ga ko tana tsayawa a miƙe. In ka yi wata guda a haka kuma har yanzu birki na nutsewa da lodi, dawo mu yi maganar diski.