Makeron shanu ba tsutsa ke kawo shi ba

Masu kiwo da yawa a Damagaram, in suka ga maraƙi da tabo zagayayye mai toka-toka kewaye da ido ko a wuya, sai su sayo allurar ivermectin, wato maganin tsutsa. Asarar kuɗi ce. Makero ƙwayar cuta ce irin ta funfuna, tana cin gashi da saman fata, maganin tsutsa bai taɓa ta. Baƙin mai kuwa, in an shafa shi a tabon, ƙona fatar yake yi.

A ware maraƙin, a kankare ɓawon da buroshi, a shafa aidin, a bar shi a rana. A wanke igiya da turke, don ƙwayar na daɗewa a kansu watanni.

Makero yana kama mutane, musamman yara. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu.