Majimfa

Majimfa ko magimfa (Tephrosia vogelii) tsiro ne na dangin wake, ɗan asalin yankunan Afirka masu zafi. A ƙasar Filato ana samunsa a bakin rafi da gefen gonaki, daga kwari har tudun Jos mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya. Sau da yawa wanda ake gani a daji ragowar tsohuwar shuka ce.

Kamanni

Tsayinsa kan kai mita 1 zuwa 4. Ganyensa jere yake biyu-biyu da guda a ƙarshe, da gashi mai laushi a bayansa. Furen fari ne ko shunayya, siffarsa irin ta furen wake. Kwanson na da tsawon santimita 10 zuwa 15, lulluɓe da gashi ruwan ƙasa.

Suna

Joseph Hooker, masanin tsirrai ɗan Birtaniya, ya raɗa masa sunan kimiyya a 1849 don tunawa da Theodor Vogel, Bajamushen masanin tsirrai da ya bi ayarin binciken Kogin Neja a 1841, ya rasu a tsibirin Fernando Po (Bioko a yau, a ƙasar Equatorial Guinea) a shekarar.

Kamun kifi

Da wannan aka fi saninsa tun da daɗewa. Da rani, in ruwa ya ja baya ya bar kududdufai, sai a daka ɗanyen ganye a turmi, a zuba a dama ruwan. Sinadaran rotinon da degelin da ke ciki suna hana kifi cin moriyar iskar da yake shaƙa, sai ya taso sama a galabaice a kwashe da hannu. Illarsa ita ce ba ya zaɓe, yakan haɗa har da ƙananan kifaye. A ruwa mai gudu kuwa maganin kan salance. Dokar kamun kifi ta Najeriya ta 1992 ta haramta zuba guba a ruwa.

Maganin ƙwari

Ana shanya ganyen a inuwa, domin rana na kashe ƙarfinsa. A daka shi, a jiƙa kilo 1 na garin a lita 10 ta ruwa da ɗan sabulu, ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Ana kuma wanke shanu da shi saboda kaska. Wani lokaci feshin ba ya ci: akwai nau'in majimfa marar waɗannan sinadarai, kuma da wuya a bambance su da ido.

Noma

Yana ƙara wa ƙasa taki, amma saiwarsa kan tara tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir.