Don Allah a daina turara wa mai ciwon firgici hayaƙi

Makon jiya aka kawo mana wata amarya daga Mabera, idanu jajir, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, zanenta sai warin barkono da tazargade. Na tambayi uwar mijinta abin da ya faru. Ta ce, "Malama, wanga ba ciwon asibiti ba na, iska ta. Tarin ga ya sa munka kawo ta."

Ashe yarinya tana zaune tana tankaɗe, sai zuciyarta ta hau dukan uku-uku, gumi ya keto mata, hannuwa suka ɗau rawa, numfashi ya sarƙe, ta fara kururuwar za ta mutu. Aka danne ta, aka lulluɓa mata bargo, aka tura kaskon wuta ciki. A wannan zafin na Sakkwato!

Na gaji da ganin irin wannan. Jama'a, ciwon firgici ne. Tsoro ne mai tsanani da ke afka wa mutum ba tare da ya ga abin tsoro ba. Yakan kai maƙura cikin kamar minti 10, yawanci kuma kafin rabin awa ya lafa, ko an yi hayaƙi ko ba a yi ba. Nan ne ake ruɗuwa: kafin garwashi ya huce abu ya sake ta don kansa, sai a ce hayaƙi ya kori aljani. Wanda ke neman iskar shaƙa, shi za ku cika wa hanci da barkono? Haba!

Ciwon ba ya kisa, amma yana cinye rayuwa. Mai shi kullum cikin fargabar yaushe abin zai dawo yake. Mace ta daina zuwa biki da Islamiyya, magidanci ya rufe shagonsa a Babbar Kasuwa don yana tsoron ya faɗi cikin mutane. An fi samunsa ga mata, kusan ninki biyu, sai dai maza gwanayen ɓoyewa ne. Ina ganinsa sosai ga bayin Allah da suka gudo daga Sabon Birni da Isa saboda 'yan bindiga. Waɗannan tausayi suke buƙata, ba kasko ba.

Ban hana addu'a ba, ni ma ita nake yi. Ku zauna kusa da mai ciwon, ku karanta mata a hankali. Hayaƙin nake hanawa.

In abin ya taso: a watse a ba ta iska, mutum ɗaya ya tsaya, ya ce mata zai wuce, su riƙa jan numfashi tare sannu a hankali. In karon farko ne ko akwai ciwon ƙirji, a kai ta asibiti a duba zuciya. A rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. Kada a saya mata Valium a kemis, yana kama jiki.

Magani akwai, na sha da na zaman tattaunawa da likita, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba hauka ba ne. Na shan yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a yar da shi bayan kwana uku.

Amaryar ta fara ganin likita. Firgicin bai kai rabin awa ba ranar, amma har jiya da na gan ta tarin bai sake ta ba.