Haɗa Akwatin Ƙarin Makunnai a Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne wannan akwatin, kuma me ya sa ake sa shi?

Idan mutum ya fara ƙara wa motarsa kaya, yau fitilar saman rufi, gobe injin hura taya, jibi ƙaramin firiji, kan batir sai ya cika da wayoyi kamar saƙar gizo. Akwatin yana tattara su wuri guda. Waya mai kauri guda ɗaya ce ke ɗauko wuta daga batir ta shiga cikinsa, daga nan kowace na'ura ta samu nata fiyuz da nata rilai. Makunnan kuma suna cikin mota, inda hannun direba zai kai.

Ba zan iya jawo wuta kai tsaye zuwa makunni ba? Me rilai ke yi?

Za ka iya, amma kana neman wa kanka wahala. Fitila mai wat 120 a motar da ke aiki da bolt 12 tana jan amfiya 10, tunda wat ake rabawa da bolt. Wannan nauyin idan ya bi ta ƙaramin makunni, zafi yake yi har ya narke. Rilai kuwa ɗan aike ne: makunni ya tura masa 'yar wutar da ba ta kai rabin amfiya ba, shi kuma ya haɗa babbar hanyar. Juya shi ka dubi ƙasansa, za ka ga lambobi a jikin ƙafafun. 30 ita ke karɓar wuta daga fiyuz, 87 ta miƙa wa na'ura, 86 ta fito daga makunni, 85 ta tafi jikin mota. Mai ƙafa biyar yana da 87a, wadda ke da wuta lokacin da makunni ke kashe.

Ina ake sa babban fiyuz, wato na wayar nan mai kauri da ke fitowa daga batir?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan motoci ke ƙonewa. A sa shi dab da kan batir mai alamar +, kada tazarar ta wuce tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu. Mutane da yawa suna zaton fiyuz na'ura yake karewa. Waya yake karewa. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyuz ba ta da mai gadi. Ranar da ƙarfe ya goge robarta ta taɓa jikin mota, batir zai zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kafin ka buɗe murfin inji wayar ta yi ja zur tana hayaƙi.

Don haka girman fiyuz bai kamata ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka ba. Fitilar nan mai jan amfiya 10, a ba ta fiyuz mai amfiya 15 da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Idan tafiyar wayar doguwa ce, misali har bayan mota, a ƙara kauri, don wuta na raguwa a hanya. In kuma fiyuz ya yi ta ƙonewa, a nemo dalili. Sa wanda ya fi shi girma, ko ɗaure wurin da guntun waya, kiran gobara ne.

Wayar da ake ɗaurawa a jikin mota don wuta ta koma batir fa?

A kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau, kaurinta kuma daidai da na mai kawo wuta. Fitilar da ke ƙyaftawa ko haske dishi-dishi, galibi daga nan matsalar take. Yawancin sababbin motoci suna da na'urar auna batir a kan sandarsa mai alamar −, saboda haka a jikin mota za ka ɗaura, ba a kan sandar ba.

Yaya zan hana batir mutuwa idan na manta abu a kunne?

Ka ɗauko wutar makunnan daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Ka zare makulli, komai ya mutu.

Ta ina wayoyi za su shiga cikin mota?

Ta bangon ƙarfen da ya raba inji da direba. Nemi ramin da ke da zoben roba ka bi ta nan, in kuma sai ka huda sabo, sa masa nasa zoben. Nisanta wayoyin daga salansa da duk abin da ke juyawa. Wayoyi masu rawayen soket na jakar iskar da ke kare mutum lokacin haɗari ne, kada ka kusance su. Kafin ka taɓa komai, cire sandar − tukuna, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa.

Injin jan mota mai igiya zai iya bi ta akwatin?

A'a. Yana iya jan amfiya 300 ko fiye idan nauyi ya kama shi, abin da ya fi ƙarfin rilai mai amfiya 30 ko 40 nesa ba kusa ba. Nasa wayoyin masu kauri daga batir suke tashi kai tsaye.